Kwaɗo Uku a Ƙofa, Babu Ko Bokitin Yashi

Alhaji, dakata tukuna, kada ka juya shafi. Kwaɗo nawa ne a ƙofar shagonka? Na sama, na tsakiya, na ƙasa. Ga maigadin da kuke haɗa wa kuɗi duk ƙarshen wata, ga kyamarar da aka kafa maka bara. A gida kuwa katanga ta kusa taɓo wayar wuta, an jera mata fasassun kwalabe, an naɗa mata waya mai ƙaya, kowace taga an ɗaure ta da ƙarfe. Madalla, Allah Ya ƙara tsarewa. To, me ka tanadar wa gobara?

Ka ga, har ka gyara zaman hula. "Ai wannan sai Allah."

Ikon Allah! Shi ɓarawon sai wa? Ban taɓa jin ka bar shago a buɗe ka tafi gida ka ce abin da aka rubuta ba ya wuce ranarsa ba. In maganar ɓarawo ce, kai ne sarkin dabara. In aka ambaci gobara, nan take ka zama waliyyi. Wannan tawakkali naka mai zaɓen abokin gaba ne, kuma ya zaɓi ya kwanta wa wanda ya fi ɓarna. Ɓarawo yana ɗaukar abin da kafaɗarsa za ta iya, ya bar maka gini, ya bar maka kanta, ya bar maka littafin bashi. Wani lokaci ma a kama shi a dawo maka da rabin kayan. Ka taɓa jin an kama gobara an ƙwato atamfa?

Na san abin da ke bakinka: "Kai dai fatan tsiya kake mana." Allah Ya tsari bakina. Ni tarihi kawai zan karanto maka, kai ma ka san shi. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka sake buɗe ta. Kasuwar Terminus ta Jos, wadda ake zuwa kallo saboda kyan gininta, ta ƙone a Fabrairun 2002, aka shafe fiye da shekara ashirin ana maganar sake gina ta. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama a Maris ɗin 2016, dubban shaguna suka tafi a dare ɗaya. Babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na shekarar, Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023, Kantamanto ta Accra a Janairun 2025. Dubi watannin da kyau. Janairu, Fabrairu, Maris: lokacin da hunturu ya gama busar da komai, katako ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa. Da yawansu kuma cikin dare ko da asuba suka tashi, lokacin da masu shaguna ke barci, kasuwa na kulle, kwaɗon kowa na nan daram a inda ya bar shi. Mutanen nan duk suna sallah, suna zakka, wasunsu sun fi ni da kai tsoron Allah. Magabata da suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ba su ce ka shafa masa addu'a kaɗai ba.

Ga Malam can ya ɗaga yatsa. "Yaro, gobara daga kogi maganinta Allah." Gafarta Malam, haka ne, wadda ta fito daga kogi mun bar wa Mai Sama. Amma tawa da taka ba daga kogi suke fitowa ba, daga bayan firij suke fitowa. Kuma kai ka karantar da mu cewa a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin gidan da ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Kai ka karantar da mu umarnin kashe fitila da dare saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida. To, Malam, ɓeran nan bai yi ritaya ba. Da ya rasa lagwani sai ya hau silin, yana can yana gwaguyar robar waya. Umarnin bai tashi ba don an daina aci-balbal. Wanda ya zagaya gidansa ya kashe abin kashewa kafin ya kwanta, sunna ya bi, sai ya ɗora addu'ar barci a kai.

Mu dawo shago, Alhaji. Da la'asar aka ɗauke wuta. Yaron shago ya jona hita a bokiti, ko tela na kusa da kai ya bar dutsen guga a jone, ko an bar fanka da caja goma a soket ɗaya. Wuta ba ta dawo ba, kowa ya manta, aka rufe aka tafi. Ƙarfe biyun dare aka kawo ta, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce ƙima. Ruwan bokiti ya ƙafe, roba ta narke, ta ɗiga a kan kwali. Rufin layinku kuma ɗaya ne tun daga shagon farko har na ƙarshe, saboda haka sakacin mutum ɗaya rabon kowa ne. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: babban makunni guda a bakin ƙofa, a kashe shi kafin a danna kwaɗo.

Sai maganar waya. Lokacin gini mai aikin wuta ya kawo maka kala biyu, ka ce a sa mai arahar, ai duk a cikin bango za a binne ta, wa zai gani? Siririyar wayar da aka yi don ƙwan fitila yanzu ita ke ɗauke da firiza biyu da na'urar sanyaya ɗaki. Waya in aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robarta ta bushe, ta tsage, wata rana biyu su haɗu. Akwai kuma ta bogi, wadda jan ƙarfen fenti ne kawai a bayanta. Araha ba ta ado, Alhaji, balle tsaro. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne fis. An yi shi ne don ya tsinke a madadin gidanka. Ya tsinke sau biyu, ka ce ya cika damu, ka kira wani yaro ya ɗaure wurin da ƙatuwar waya, ka ba shi na goro kana sa masa albarka wai ya gama maka da matsalar. Ai kuwa ya gama. Soket ɗin da ya yi baƙi, filogin da ke ƙona hannu, warin roba da kake ji jefi-jefi kana cewa daga maƙwabta ne, duk sallama ce ake yi maka. Gobara ba ta cika shigowa ba sallama ba, mu ne ba ma amsawa.

Hajiya, na gan ki kina murmushi, kina jin daɗi an kama maigida. Matso, layi ya zo kanki. Na sani, tun kafin a haife ni kike girki, ban musa ba. Amma murhun duwatsu uku da kika ƙware a kai a tsakar gida yake, sama a buɗe. Tukunyar gas ɗin nan a cikin ɗan kicin take, taga a rufe saboda ƙura. Gas ya fi iska nauyi, in ya zurare ba ya tashi sama ya tafi, ƙasa yake kwanciya ya taru yana jiran tartsatsi. Shi ya sa ake zuba masa wannan wari mai ɗoyi tun daga ma'aikata, don hancinki ya zama maigadi. In kin ji shi, kada ki taɓa makunnin fitila, kunnawa ko kashewa. Ki rufe kan tukunya, ki buɗe ƙofa da tagogi, ki fitar da yara. In ana son gano inda yake zurara, kumfar sabulu ake shafa wa tiyo da mahaɗa, inda ta yi ƙwai nan ne. Masu gwadawa da ashana suna samun amsa, sai dai ba su cika samun damar ba da labari ba. Tiyon nan kuma da ya tsattsage kika naɗe shi da leda, sabo bai kai kuɗin ankon bikin da kika yi watan jiya ba.

Ga wadda ta fi kama gwanaye. Ana suyar ƙosai ko kaza, aka kira ki a waya, mai ya yi zafi har ya kama. Hannu da kansa yake zuwa wajen ruwa. Kul! Ruwa in ya faɗa cikin tafasasshen mai, nan take yake zama tururi, ya kumbura kusan ninki 1,700, ya watsa man mai ci har silin da fuskar mai zubawa. A kashe gas, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi ya huce. Na ce murfin ƙarfe, Hajiya, ban ce faifai ba. Wuta abu uku take buƙata: abin ci, zafi da iska. Kika hana ta ɗaya, ta mutu.

Turaren wuta kuwa ba zan yi faɗa da shi ba, ina son zaman lafiya da iyayena mata. Amma garwashi a kasko, kabbasa a kai, leshi da mayafi a lulluɓe, ga labule na lilo, ga katifar soso a gefe, sannan a ja ƙofa a tafi gaisuwa maƙwabta "yanzu zan dawo"? Mun san tsawon yanzun mata in hira ta yi daɗi. Haka kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi a toshe ko'ina. Wannan ko bai kama komai ba yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya yi barci ya zarce. Hayaƙin janareta ma ita yake ɗauke da ita, don haka wurinsa waje, nesa da taga, ko da kuwa tsoron ɓarawo zai hana maigida barci.

Samari, ku da kuke dariya a baya, ina zuwa. Wa ke ƙara wa janareta mai yana cikin aiki don kada ƙwallo ta wuce shi? Wa ke ajiye jarkar fetur a ƙarƙashin matakala, kusa da kicin, saboda an ce gobe zai ƙara kuɗi? Ba sai harshen wuta ya taɓa fetur ba, tururinsa ne ke kamawa, kuma yana tafiya ya iske wuta a inda take. A kashe inji, a bari ya huce, sannan a zuba. Wayar da ake kwana da ita a caji ƙarƙashin matashi da cajar bakin titi, da batirin sola da wani abokinku "injiniya" ya haɗa a ɗakin da ba iska, su ma suna cikin lissafi.

Yanzu sai Yallaɓai mai ofis, wanda tun ɗazu yake kaɗa kai yana cewa mutanenmu ba su waye ba. Ranka ya daɗe, na ga jar tukunyar kashe gobara a bangon ofishinka, ta yi kyau. Yaushe rabon da wani ya duba ta? Tun ranar da aka yanka kirtanin buɗe ginin? Je ka dubi ɗan agogon da ke wuyanta, in allurar ba ta kan kore, ado ka rataye. In tana kan kore, tara ma'aikata ka tambayi wanda ya iya aiki da ita. Masinja zai kalli sakatare, sakatare ya kalli direba, direba ya ce shi ma tasa ta mota saboda jami'an kiyaye haɗurra ya saya, bai taɓa cire ta daga leda ba. Abin kuwa ba wuya: a zare ƙusar, a saita bakin a gindin wutar, a matsa, a riƙa kaɗawa hagu da dama, ƙofar fita tana bayanka. Masu fesa saman harshen wuta ɓarnar hoda kawai suke yi, kuma ƙaramar tukunya sakan goma zuwa ashirin take yi ta ƙare. Mai hoda tana aiki a kan katako da mai da kayan lantarki. Mai baƙin baki mai faɗi ta iskar kabon ce, ita ta dace da ɗakin kwamfuta don ba ta barin datti. Ruwa kuwa kada ya kusanci abin da ke jone. Dukkansu na ƙaramar wuta ne, wadda ba ta wuce kwandon shara ba. In ta kai silin, jarumtaka ta ƙare, sai ƙafa.

Af, ƙofar baya da aka yi don irin wannan rana, wa ya jibge mata tsofaffin fayiloli ya sa mata sarƙa? Kuma kwafin bayanan kwamfutarka da kake alfahari da shi, ba a aljihun teburin da kwamfutar ke kai yake ba? Tare za su tafi, Yallaɓai, ba mai ba da labarin wani. Ita kuwa gobarar nan mai basira da kan kama ofishin akanta ana gobe masu binciken kuɗi za su zo, ba ta cikin darasinmu na yau, maganinta yana wajen alƙali.

Mu zo kan dukiya, inda kunnen kowa ke buɗewa. Alhaji ya ce shi hankalinsa kwance, takardar gida da ta fili da ta gona duk suna cikin akwatin ƙarfe. Ƙarfe ba ya ci da wuta, gaskiya ne, amma yana kai zafi ciki da sauri. Takarda tana fara babbakewa da zafi ya haura digiri 200 kaɗan, gobarar ɗaki kuwa tana ninka wannan sau uku ko fiye. Za ka buɗe akwatinka lafiya lau ka tarar da gawayi a jere. Gwal ɗin Hajiya sai zafi ya kai digiri 1,064 yake narkewa, saboda haka ita tana iya tsintar sarƙarta a cikin toka, kai kuwa ka kama zaryar ma'aikatar filaye. Sef ɗin da aka yi don gobara daban yake da na ɓarawo: bangonsa cike yake da abin da ke hana zafi shiga, kuma akan rubuta tsawon lokacin da zai jure, minti 30, awa ɗaya ko biyu. In mai sayarwa bai nuna maka wannan shaida ba, akwati mai nauyi kawai ka saya.

Wanda ba shi da kuɗin sef yana da waya. Ɗauki hoton kowace takarda, ta gida, ta makaranta, ta haihuwa, ta mota, ka tura wa kanka ta imel. Yi kwafi ka kai gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Ɗan kasuwa kuma ya riƙa ɗaukar hoton littafin bashi duk mako. Ka san dalili. Ranar da littafin nan ya ƙone, wata irin mantuwa ce ke sauka a kan masu cin bashi. Za su zo maka jaje, su yi addu'a mai tsawo, wanda kake bi dubu ɗari biyar ya ce in bai manta ba saura dubu arba'in.

Kuɗin da ke cikin silin da ƙarƙashin katifa fa? Na ji ka: "Ka manta abin da banki ya yi mana a farkon 2023?" Ban manta ba, kowa ya sha layi lokacin canjin kuɗi. Amma kuɗin da suka maƙale a lokacin daga baya sun fito. Waɗanda suka ƙone a shagunan Maiduguri a wancan lokaci na wahala ba su dawo ba. Ko banki ne ya durƙushe, tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci zuwa naira miliyan 5. Silin ɗinka nawa ya lamunce maka? In kuma inshora ce kake ƙyama saboda shubuha, an daɗe da rufe wannan ƙofar uzuri: akwai takaful, tsarin taimakekeniya bisa shari'a, da kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ka je ka yi tambaya, tambaya ba ta karya alwala.

Nan zan ɗan rage dariya. Ƙarafan da ka ɗaure tagogi da su ba su san mai gida da ɓarawo ba. Yadda suke hana shiga, haka suke hana fita. Ɗakin yau cike yake da soso da leda da silin roba, yana iya kamawa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti biyar, kuma hayaƙi ne ke kashe yawancin mutane tun kafin harshen wuta ya iso su. Maigidan da ke kulle iyali ta waje ya sa mabuɗi a aljihu ya tafi majalisa, ya sake tunani. A kowane ɗakin kwana a sa maƙeri ya yi wa taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa ta ciki, mabuɗin ya zauna a wurin da kowa ya sani, har yara. A saya ƙararrawar hayaƙi mai batir a manna a silin, ba ta kai kuɗin shadda ɗaya ba, kuma ita ba ta gyangyaɗi. A koya wa yara: in hayaƙi ya cika ɗaki a rarrafa, iska mai kyau tana ƙasa, wanda ya fita ya ja ƙofa, a taru a wuri ɗaya a ƙirga kai, kuma ba mai komawa ciki don takarda ko sarƙa. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima.

Saura ƙorafin da na san kuna ajiye da shi: "'Yan kwana-kwana ba sa zuwa sai an gama, in sun zo ma ba ruwa." Wani lokaci haka ne, kuma hukuma tana da nata laifin, ba zan wanke ta ba. Amma tsakani da Allah, yaushe kuka kira su? Bayan an yi rabin awa ana fama da bokiti, bayan samari ashirin sun ɗora bidiyon a Facebook da TikTok, sannan wani ya ce wai wa ke da lambarsu. Suka taso, suka tarar an kafa rumfar biki a tsakiyar titi, an ja shago har cikin hanyar kasuwa, 'yan kallo sun cika lungu. Tankin motar lita 'yan dubbai ne, cikin mintuna yake ƙarewa, unguwar kuma ba famfon da za su ɗiba. Sakamakonsu jifa. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a Nijar 18 ce ta masu kashe gobara, kuma ofishin garinku yana da tasa, ku nema ku ajiye. Kana da lambar mai kaji da ta mai gyaran dish, wannan ma ta samu gurbi. A kira su tun wutar tana ƙarama. In kun kashe kafin su iso, ba za su yi fushi ba.

Na ji wani daga can ƙarshe yana cewa, "Mun ji, za a duba, sai bayan sallah." To, wace sallar? Bokitin yashi, kashe makunni, canza tiyo, hoton takardu, ajiye lamba: wanne ne a ciki ke jiran albashi? Ni dai na iya jaje. Na san inda ake tsayawa, na san yadda ake sunkuyar da kai a ce Allah Ya mayar da alheri, Allah Ya kiyaye gaba. In ta kama zan zo, ba zan ma tuna muku mun yi wannan hira ba. Amma ku taimake ni ku riƙa gayyata ta suna da ɗaurin aure. A wajen jaje ba a raba shinkafa.